Jaap Eden: Zakaran duniya sau biyar da ya mutu hannu Rabbana

A ƙarshen kowace shekara ƙasar Holan kan shirya biki domin karrama gwarzayenta na wasanni. Wanda duk aka zaɓa a matsayin gwarzon shekara, mace ko namiji, yakan koma gida da ɗan mutum-mutumi na tagulla, wanda tun 1972 ake kira da sunan Jaap Eden. A gabashin birnin Amsterdam kuma akwai filin tseren ƙanƙara mai zagayen mita 400 da aka buɗe a 1961, shi ma sunan mutumin nan yake ɗauke da shi. A nan ne yara da dama na birnin suke fara koyon tsayuwa a kan ƙanƙara, kuma sunan ya zama jiki a bakinsu kamar sunan unguwa ko na tasha.

Mai wannan suna ya mutu ne ranar 2 ga Fabrairun 1925 a garin Haarlem, yana da shekara 51, cikin talauci. Shekara talatin kafin wannan rana babu ɗan wasan da ya kai shi suna a faɗin ƙasar. Sau uku yana zama zakaran duniya a tseren zamiya a kan ƙanƙara, sau biyu kuma a tseren keke, kuma har yau babu wani namiji da ya haɗa kambun duniya a waɗannan wasanni biyu in ba shi ba. Duka biyar ɗin ya same su ne kafin ya cika shekara 23.

Tarihinsa ya ƙunshi bajinta da ɓarna. Ya kuma ƙunshi wata tambaya da ta fi ƙarfin filin wasa: idan ƙasa ta ɗauki ƙarfin saurayi ta yi ado da shi, wane hakki ne ya rataya a wuyanta ranar da ƙarfin ya ƙare?

Ƙasar da hanyoyinta ke daskarewa

Holan ƙasa ce shimfiɗaɗɗiya, wani sashe nata ma yana ƙasa da bakin teku, kuma an tsattsaga ta da hanyoyin ruwa da mutane suka haƙa domin sufuri da kuma janye ruwa daga gonaki. Idan hunturu ya yi tsanani ruwan nan yakan daskare har ya iya ɗaukar nauyin mutum. Jiragen ruwa sai su tsaya cik, jama'a kuma su ɗaura wani katako mai siririn ƙarfe a ƙasan takalmansu, su riƙa sulalewa daga gari zuwa gari. Ɗaruruwan shekaru ke nan wannan yana cikin rayuwar talakan ƙasar, da shi yake zuwa kasuwa, da shi yake ziyarar dangi.

Daga wannan al'ada tsere ya samo asali. A lardin Friesland da ke arewa, wanda ya fi shahara shi ne tseren gajeren zango na mita 160. Mutum biyu ne ke karawa a miƙaƙƙen layi, wanda aka kayar ya fita, a ci gaba da haka har a samu gwani. Kuɗi ake sa wa, wani lokaci kuma abinci, kamar naman alade da wake, domin a rage wa matalauta raɗaɗin sanyi. Ga ƙwadagon gona ko matuƙin jirgin ruwa da hunturu ya raba shi da aiki, cin tsere guda na iya zama abincin iyalinsa na makonni.

A ƙarshen ƙarni na 19 wani sabon salo ya shigo daga Ingila. 'Ya'yan masu hali na birane suka fara kafa ƙungiyoyin wasanni bisa aƙidar cewa wasa na gaskiya shi ne wanda ake yi don sha'awa, ba tare da karɓar ko anini ba. A Ingilar ma hukumar tseren kwale-kwale ta kai ga haramta wa masu aikin ƙarfi shiga gasanninta. A 1882 aka kafa hukumar 'yan tseren ƙanƙara ta Holan, kuma mutane masu irin wannan ra'ayi ne suka ja ragamarta. Tun daga nan wasan ya rabu gida biyu: masu yi don sha'awa, waɗanda ke da damar wakiltar ƙasa, da masu yi don kuɗi, waɗanda ake kallo a matsayin 'yan ci-rani.

Rabuwar ta yi daidai da yanayin ƙasar a lokacin. Kaɗan ne daga cikin maza ke da ikon jefa ƙuri'a, gwargwadon dukiyarsu da harajin da suke biya. Sai a 1917 aka bai wa dukkan maza wannan 'yanci, mata kuma a 1919. Wanda ke da gado shi ke da murya a majalisa, shi ne kuma ke da sukunin yin wasa kyauta.

Maraya a gidan kakanni

An haifi Jacobus Johannes Eden a birnin Groningen a watan Oktoban 1873, shekarar da Holan ta fara dogon yaƙinta na mulkin mallaka a Aceh da ke Indonesiya ta yau. Mahaifinsa, Johannes Eden, malamin motsa jiki ne. Mahaifiyarsa, Maria Baale, ta mutu sakamakon haihuwarsa. Da uban ya ga ba zai iya renon jariri shi kaɗai ba, sai ya miƙa shi ga kakanninsa, waɗanda ke da masaukin baƙi a kusa da Santpoort, arewa da Haarlem.

Wurin yana dab da tuddan rairayi da suka raba ƙasar da Tekun Arewa. A cikinsu yaron ya tashi yana guje-guje, yana hawa yana sauka, yana kuma wasannin motsa jiki irin na mahaifinsa. Da hunturu sai ya koma kan ƙanƙara. Wanda ya taɓa gudu a cikin rairayi ya san irin ƙarfin da yake sa wa cinya da huhu, kuma waɗannan biyu su ne jarin mai tseren ƙanƙara.

Yana da kimanin shekara 15 Klaas Pander, ɗaya daga cikin fitattun 'yan tseren Holan na lokacin, ya lura da shi, ya jawo shi cikin masu atisaye tare da shi. A wannan zamani 'yan ƙasar Norwe ne ke gaba a wasan. Sun bar katakon da ake ɗaurawa da igiya, sun koma doguwar wuƙar ƙarfe siririya da aka manne wa takalmi, ƙirar da ake dangantawa da gwaninsu Axel Paulsen. Da irin wannan takalmi mai tsere ba ya taka ƙanƙara kamar mai gudu a ƙasa. Yakan sunkuya, ya goya hannuwansa a baya, ya tura ƙafa gefe da dukkan nauyinsa, ya bar ɗaya ƙafar ta sulale da shi nesa kafin ya sake turawa. Salon na buƙatar haƙuri da daidaito fiye da gaggawa, kuma shi Eden ya koya.

Nasararsa ta farko mai muhimmanci ta zo ne a Disambar 1890, a tseren gajeren zango na mita 160. Hunturun wannan shekara na cikin mafiya tsanani da ƙasar ta gani a ƙarnin. A cikinsa ne Pim Mulier, wani ɗan masu hali da ya tashi a Haarlem, ya zagaye garuruwa goma sha ɗaya na Friesland a kan ƙanƙara cikin yini guda, tafiyar da daga baya, a 1909, ta zama shahararriyar gasar Elfstedentocht. A Janairun 1891 aka bar Eden, yana ɗan shekara 17, ya shiga gasar duniya da ƙungiyar tseren ƙanƙara ta Amsterdam ke shiryawa. Ya shiga zango biyu mafiya gajarta, ya zo na uku a rabin mil, na huɗu a mil guda. Ba'amurke Joe Donoghue ne ya lashe gasar. A 1892 Eden ya tsallaka Ingila ya ci Kofin Yariman Orange, nasararsa ta farko a ƙasar waje.

Kwana biyu a Amsterdam

A bazarar 1892 wakilan ƙasashen Turai suka taru a Scheveningen da ke gaɓar tekun Holan suka kafa hukumar tseren ƙanƙara ta duniya, ISU, suka naɗa Pim Mulier shugabanta na farko. Hukumar ta tsayar da zango huɗu: mita 500, 1,500, 5,000 da 10,000. Ta kuma sa doka mai tsauri, cewa ba za a kira mutum zakaran duniya ba sai ya ci aƙalla uku daga cikin huɗun. Idan babu wanda ya yi haka, shekarar ta tafi ba zakara. Ma'anar dokar ita ce dole mutum ya haɗa zafin naman mai gajeren zango da juriyar mai dogon zango, abubuwa biyu da ba kasafai jiki ɗaya ke tara su ba.

An sa gasar farko a ƙarƙashin wannan tsari a Amsterdam, ranakun 13 da 14 ga Janairun 1893, a filin ƙanƙarar da ke bayan gidan tarihi na Rijksmuseum. Eden ya yi shirinsa a Norwe. Kwana biyu kafin gasar ya shiga gasar ƙasa a kusa da Groningen, mahaifarsa, ya yi mita 1,500 cikin minti 2 da sakan 35, lokacin da hukumar ta amince da shi a matsayin bajintar duniya ta farko a wannan zango.

A Amsterdam babban abokin karawarsa shi ne Oskar Fredriksen na Norwe. Eden ya ci mita 1,500, ya ci mita 5,000. A rana ta biyu ya ci mita 500, kuma da haka ya cika sharaɗin uku. A zangon ƙarshe na mita 10,000 ya faɗi, Fredriksen ya ci, amma alƙalami ya riga ya bushe. Saurayi ɗan shekara 19 ya zama zakaran duniya na farko da hukumar ISU ta naɗa, a gaban mutanen ƙasarsa.

Da ya koma Haarlem jama'a suka yi dafifi suka tarbe shi. Holan a lokacin ƙaramar ƙasa ce tsakanin manya, Ingila da Jamus da Faransa, tana tunƙaho da daular da ta mallaka a ƙetare amma ba ta da ta cewa sosai a Turai. Sarki Willem na Uku ya mutu a 1890, ya bar gadon sarauta ga 'yarsa Wilhelmina mai shekara 10, mahaifiyarta Emma na riƙon ƙwarya. A cikin gida kuma ma'aikata sun fara ɗaga murya, har lardin Friesland ya tura ɗan gurguzu Domela Nieuwenhuis majalisa a 1888. A irin wannan yanayi, yaron da ya kayar da 'yan Norwe a wasan da kowane ɗan Holan ke ganin nasa ne ya zama abin da attajiri da lebura suka haɗu a kai. Jaridu suka ɗauke shi, sunansa ya shiga kowane gida. Masu tarihin wasanni na ƙasar na ɗaukarsa a matsayin gwarzon wasa na farko da dukkan al'ummar Holan ta sani.

Hamar: minti takwas da suka zauna shekara 17

A 1894 aka yi gasar duniya a Stockholm, babban birnin Suwidin. Eden ya ci mita 10,000 cikin minti 19 da sakan 12.4, sabuwar bajintar duniya, amma bai haɗa zango uku ba, kuma babu wanda ya haɗa. Shekarar ta wuce ba zakara.

Mako biyu bayan haka aka koma garin Hamar na Norwe, a bakin tafkin Mjøsa, domin gasar Turai. A ranar farko ba a ga Eden a fili ba. Dalilin da aka bayar a hukumance shi ne iska mai ƙarfi. Labarin da marubuta tarihinsa suka riƙa maimaitawa daga baya kuwa shi ne, ya zauna ne a masaukinsa tare da wata ma'aikaciyar wurin. A rana ta biyu, 25 ga Fabrairu, ya fito ya yi mita 5,000 cikin minti 8 da sakan 37.6. Ya rage kusan rabin minti daga bajintar da ke akwai. Idan aka lissafa, gudun ya kai kusan kilomita 35 a sa'a guda, a sararin Allah, kan ƙanƙarar da sanyi kaɗai ya daskarar.

Wannan lokaci ya zauna shekara 17 babu wanda ya kai shi. Sai a 1911 Barashe Nikolai Strunnikov ya yi ƙasa da shi, da tazarar da ba ta kai rabin sakan ba. Shekara ɗari cif bayan tseren Eden, a Fabrairun 1994, aka yi tseren ƙanƙara na gasar Olamfik a wannan gari na Hamar, a cikin rufaffen ɗaki mai ƙanƙarar inji, inda Johann Olav Koss na Norwe ya yi zangon cikin minti 6 da sakan 34.96. Tazarar minti biyun da ke tsakaninsu ita ce aikin ƙarni guda na kimiyya da kayan aiki da horo.

Kwana biyun nan na Hamar sun nuna mutumin gaba da baya. Ranar farko ta nuna saurayin da ba ya iya hana ransa abin da yake so, ko da kambun Turai ne a gabansa. Ta biyu ta nuna baiwar da ta sa ake yafe masa. Muddin yana cin tsere, babu wanda ya ga dalilin tsawata masa.

A Fabrairun 1895 aka kawo gasar duniya Hamar. Fredriksen ya kayar da shi a mita 500, shi kuma ya kwashe sauran ukun, ya karɓo kambunsa. A nan ya kafa sababbin bajintoci biyu: mita 1,500 cikin minti 2 da sakan 25.4, da mita 10,000 cikin minti 17 da sakan 56. Wannan na biyun ya fi nasa na bara da minti ɗaya da sakan 16, kuma ya tsaya har 1900 kafin Peder Østlund na Norwe ya karya shi a Davos. A 1896 aka je Saint Petersburg ta Rasha, inda Eden ya ci zango huɗun gaba ɗaya, tun daga mita 500 har 10,000. Ya zama zakaran duniya karo na uku yana da shekara 22. Jimillar bajintocin duniya da ya kafa a kan ƙanƙara biyar ne.

Daga ƙanƙara zuwa keke

Ƙanƙara ta 'yan makonni ce a shekara, wata shekarar ma ba ta zuwa. Da bazara Eden kan hau keke, wanda a lokacin sabon abu ne da ya rikita Turai. A 1885 aka fito da keke mai ƙafafu biyu daidai da sarƙa, irin wanda muka sani yau, a Ingila. A 1888 John Boyd Dunlop ya fito da tayar da ake hura wa iska. Cikin 'yan shekaru aka gina filayen tseren keke a manyan birane, kamfanonin ƙera keke da taya kuma suka fara neman gwanayen da za su tallata hajarsu.

Jijiyoyin da ke tura ƙafa a kan ƙanƙara su ne ke taka feda, don haka sauyin bai yi wa Eden wuya ba. A 1893 aka fara gasar tseren keke ta duniya a Chicago. Da aka kawo ta Antwerp ta Beljiyam a 1894, Eden ya ci tseren kilomita 10, ya kuma zo na biyu a gajeren zango bayan Bajamushe August Lehr. A 1895, a birnin Cologne na Jamus, ya ci gajeren zangon na rukunin masu yi don sha'awa. Wato a wannan shekara guda ya riƙe kambun duniya biyu, na ƙanƙara da hunturu, na keke da bazara.

Tseren keke na gajeren zango wasa ne na dabara. Mahaya kan yi ta jan jiki suna satar kallon juna, kowa na ƙin shiga gaba don kada abokin karawa ya fake a bayansa ya tsere wa iska, sai a mita ɗari biyu na ƙarshe a saki dukkan ƙarfi. Wanda ya fara da tseren mita 160 a kan ƙanƙara ya san yadda ake tara ƙarfi a saki cikin ƙiftawar ido. Mata kaɗan sun bi wannan sawu daga baya, irin su Sheila Young da Beth Heiden na Amurka da Christa Rothenburger ta Jamus ta Gabas, amma a cikin maza Eden ne kaɗai.

Farashin karɓar kuɗi

Kambu biyar na duniya ba su zo masa da albashi ba. Doka ta hana mai yi don sha'awa karɓar kuɗi, abin da zai samu bai wuce kofi da lambar yabo da tafi ba. Ga ɗan mai banki ko ɗan mai gonaki wannan ba matsala ba ce, domin idan ya gama wasa zai koma ofishin mahaifinsa. Eden kuwa jikan masu masauki ne, ɗan malamin motsa jiki. Jarinsa ƙafafunsa ne, kuma ƙafa ba ta daɗewa.

A 1896, shekarar da aka farfaɗo da gasar Olamfik a Athens bisa wannan aƙida ta wasa ba don kuɗi ba, Eden ya zaɓi ɗaya hanyar. Ya zama mai tseren keke na sana'a, ya nufi Faransa, inda kasuwar ta fi ci. A Paris dubban mutane ke biyan kuɗi su cika filaye irin su Buffalo, masu shirya tsere kuma suna zawarcin duk wanda sunansa zai jawo 'yan kallo. Zakaran duniya sau biyar haja ce mai tsada, kuma ya samu kuɗi masu yawan gaske cikin ɗan lokaci.

Abin da ya biya a madadin haka shi ne ƙanƙara. Da ya karɓi kuɗi ya fita daga sahun masu yi don sha'awa, ƙofar gasannin ISU ta rufe masa. Mutumin da ya ci zango huɗu a Saint Petersburg bai sake tsayawa a gasar duniya ta ƙanƙara ba, alhali bai kai shekarun da 'yan wasa ke kai ƙololuwarsu ba. Hukumomin da suka yi ado da nasarorinsa ba su da wani tsari na riƙe shi, domin a dokarsu neman abinci da wasa aibi ne. Holan ta jira har 1905 kafin Coen de Koning ya sake kawo mata kambun, daga nan kuma sai 1961, lokacin da Henk van der Grift ya ci a Gothenburg.

A fagen sana'a Eden ya tarar da mahaya da ba su da wani aiki sai keke, suna atisaye dare da rana domin shi ne tuwonsu. Ya ci wasu tsere, ciki har da Babbar Gasar Amsterdam ta 1897, amma bai sake zama zakaran duniya ba. Ya yi suna wajen son taba da giya da yawon dare, da sakin hannu ga abokan shagali. Kuɗin suka riƙa fita kamar yadda suke shigowa. Baiwar da ta saba rufa masa asiri a kan ƙanƙara ta fara gazawa, domin jiki magayi ne.

Saukowa

Da ƙarfinsa ya ja baya, tayin masu shirya tsere ya ja baya tare da shi. Kasuwar tseren keke ba ta san jiya ba, sabon suna take nema kowace kaka. A gida ma yanayi ya sauya: a 1905 Holan ta yi dokar da ta hana tseren keke a kan titunan jama'a, abin da ya ƙuntata wasan na tsawon shekaru. Eden ya ƙare rayuwarsa a ƙasarsa ba shi da dukiya, ba shi da sana'ar da ta riƙe shi, lafiyarsa kuma ta lalace.

Babu inda zai jingina. Ƙungiyoyin wasanni ba su da asusun tsofaffin 'yan wasa. Gwamnati ma a lokacin ta fara taka matakan farko ne na dokokin kula da gajiyayyu, da dokar nakasa ta 1913 da ta tsufa ta 1919, kuma an tsara su ne musamman domin ma'aikata masu albashi da tsofaffi, ba domin mai shekara arba'in da wani abu da ya ci abinci da tsere ba. Fanshon tsufa na kowa da kowa bai zo ba sai 1957, fiye da shekara talatin bayan mutuwarsa.

A Janairun 1924 aka buɗe gasar Olamfik ta hunturu ta farko a Chamonix ta Faransa, kuma tseren ƙanƙara na cikin manyan wasanninta. Holan ba ta tura kowa ba. Shekara guda bayan haka Eden ya mutu a Haarlem, garin da ya yi masa tarbar sarakuna a 1893. An binne shi a maƙabartar Kleverlaan, inda daga baya aka kafa dutsen tunawa a kan kabarinsa.

Alhakin wa?

Ba adalci ba ne a ɗora wa hukumomi dukkan laifin. Eden ya samu abin da mafi yawan mutanen zamaninsa ba su taɓa mafarki ba, kuma da hannunsa ya watsar. Babu wanda ya tilasta masa shagalin Paris. Wasu 'yan tseren sana'a na lokacin sun tara abin da suka samu sun buɗe kasuwanci sun tsufa cikin rufin asiri.

Amma kuma ba gaskiya ba ne a tsaya a nan. Yaro maraya ya zama mallakin al'umma yana ɗan shekara 19. Manyan da ke kewaye da shi sun san yadda za su kai shi Hamar da Saint Petersburg, sun san yadda za su auna gudunsa har zuwa kashi ɗaya cikin biyar na sakan, amma tsarinsu bai tanadi amsar abin da zai ci idan ya kai shekara talatin ba. Sun ba shi zaɓi biyu ne kawai: ya ci gaba da yi wa ƙasa wasa kyauta, ko ya karɓi kuɗi a kore shi daga wasan da ya fi kowa iyawa. Dokar da aka kira ta kare mutuncin wasa, a aikace ta kare wasan ne ga waɗanda ba su da buƙatar kuɗi. Ta kuma yi tsawon rai: sai a shekarun 1980 gasar Olamfik ta buɗe ƙofarta sosai ga 'yan wasan sana'a.

Yau Holan ce uwa a tseren ƙanƙara. Ard Schenk ya maimaita kambu ukun Eden tsakanin 1970 da 1972, Sven Kramer kuma ya tara tara. A 1970 aka ware wa gajeren zango gasarsa ta duniya. A gasar Olamfik ta Sochi a 2014 'yan Holan sun kwashe lambobi 23 daga cikin 36 na tseren ƙanƙara mai dogon zagaye, kuma a nan ne Michel Mulder ya zama namiji na farko daga ƙasar da ya ci zinare a mita 500, zangon da ya tabbatar wa Eden kambunsa na farko shekara 121 kafin nan. 'Yan tseren yanzu suna cikin ƙungiyoyin sana'a, suna da kwantiragi da albashi da likitoci da masu ɗaukar nauyi. Abin da ya sa aka rufe wa Eden ƙofa a 1896 shi ne ginshiƙin nasarar ƙasar a yau.

Karramawar da aka yi masa ta zo ne a lokacin da ba ta da tsada. An sa wa filin Amsterdam sunansa shekara 36 bayan mutuwarsa, mutum-mutumin tagulla kuma shekara 47. Gwarzayen da ke karɓar kyautar a kowace Disamba suna komawa gida ne da sunan mutumin da ya kawo wa ƙasarsu kambun duniya biyar cikin shekara huɗu, ya kuma rayu shekara 29 bayan na ƙarshe ba tare da ƙasar ta san yadda za ta yi da shi ba.